Ku Tambaya, Mu Amsa: Ɗan Shekara 4, Baƙi Da Lamba

Duk shekara idan dogon hutu ya zo ƙarshe, wasiƙun iyayen da za su kai yaro makaranta karon farko ne ke cika mana akwati. Shi ya sa muka keɓe filin wannan fitowar ga 'yan shekara 4 zuwa 5, wato 'yan nazare da 'yan ajin share fagen firamare. Malaman ƙananan yara ne suka amsa, mu kuma muka taƙaita wasiƙun.

Assalamu alaikum. Saura mako biyu 'yata mai shekara 4 ta fara nazare, kuma ba ta taɓa wuni ba tare da ni ba. Na ɗinka yunifom, na sayi jaka da littattafai. Me ya rage? Daga wata uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da barci. Yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a kowace rana, har da na rana idan yana yi. In za ta tashi ƙarfe 6:30 na safe, to ƙarfe 8 na dare ya same ta a shimfiɗa. Yarinyar da ta saba kaiwa ƙarfe 10 ba za ta koma 8 a dare ɗaya ba, don haka ki riƙa rage minti 15 zuwa 20 duk bayan kwana biyu tun daga yau. Rigimar safiya da ake ɗora wa ƙin makaranta, sau da yawa barci ne bai isa ba.

Sai abubuwan da za ta yi wa kanta a ajin da malama ɗaya ke fama da yara da yawa: ta iya cewa tana jin fitsari da babbar murya, ta sauke wando ta mayar, ta riƙe buta, ta wanke hannu da sabulu, ta sa takalmi, ta buɗe kular abincinta da gorar ruwanta. Ki gwada ta da kular da za ta tafi da ita, domin akwai yaran da ke dawowa da abincin tara ba su taɓa ba, don kawai marfin ya gagare su kuma kunya ta hana su magana. Ta san cikakken sunanta da na mahaifinta. Ki rubuta sunan a jaka da gora da manyan baƙaƙe a gabanta, kina furta shi. Wannan ce kalmar farko da za ta gane da ido.

Ranar farko ki gajarta sallama. Kada ki sulale ta bayan idonta, don gobe ba za ta saki zanenki ba. Ba ta san ƙarfe 12 ba, sai ki ce mata: "In kun ci abinci kun yi wasa, kafin kiran azahar ina bakin ƙofa." Ki kuma cika alkawarin. A gida a daina cewa "bari in kai ki makaranta Anti ta zane ki". Kukan 'yan kwanaki, ko ma mako biyu, ba abin damuwa ba ne. In ya wuce wata guda, ko fitsarin kwance da ta bari ya dawo ya zauna, ki nemi zama da malamar. Kada ki manta da takardar haihuwa da katin rigakafi.

Ɗana yana rera ABC har zuwa Z ba gargada, amma in na nuna masa harafi a jikin kwali sai ya yi ta kame-kame. Malamarsa ta ce yana ƙoƙari. Yaushe zai fara karatu? Daga wani mahaifi a Gombe.

Malam, abin da ya iya waƙa ce, kuma ba laifi ba ne, sai dai ba ita ce hanyar karatu ba. Waƙar tana koya sunayen haruffa, karatu kuwa da sautinsu ake yin sa. In yaro ya ce "em, ei, em, ei", har gobe "mama" ba za ta fito ba. In ya ce "mmm, a", ya haɗa "ma", ya ƙara "ma", ta fito. Malaman allo sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke bi da yaro ta babbaƙu, sannan farfaru, kafin ya kama karatu zube.

Kafin ma a je ga harafi, kunne ake fara gyarawa, kuma wannan ba ya buƙatar takarda. Ku riƙa tafa gaɓoɓin kalma tare: tu-ma-tir tafi uku, ra-go tafi biyu, ma-ka-ran-ta tafi huɗu. Idan ya ƙware, ka juya wasan: ka ce "ka… za", shi ya faɗi kalmar. Daga nan sai sautin farko: "Nemo min abin da ya fara da sss a ɗakin nan," ya kawo sabulu ko soso. Ka fara da sautukan da ake iya ja, irin su m, n, s, l, domin b da k da t ba sa jawuwa, yaro kan ji su manne da wasalin da ke biye. Ka lura kada kai ma ka ce "ma" alhali kana nufin "mmm". Nan ne manya suka fi yin kuskure, sai yaro ya zo haɗawa ya karanta "ma-a-ma-a".

Idan kunnen ya kama, sai haruffa, kuma ba lallai a bi su a jere daga A ba. A Hausa, haruffa huɗu kacal, a da m da n da k, sun isa a karanta mama, nama, kaka, kama, ana, nan. Yaron da ya karanta "nama" da kansa a mako na uku ya ɗanɗana abin da ake nufi da karatu, saɓanin wanda ya shafe zango guda yana nanata haruffa 26 bai haɗa komai ba. Tsarin Jolly Phonics da makarantu da yawa a Najeriya ke bi wajen Turanci ma haka yake: yana koyar da sautuka 42, ya fara da s, a, t, i, p, n, saboda suna haifar da kalmomi nan da nan.

Ga yadda za ka raba minti 10 a rana. Minti biyu na bitar haruffan baya a kan katin da ka yanka daga kwalin sabulu ko na shayi. Minti uku na sabon harafi: ka furta sautin, ya maimaita, ya zana shi da yatsa a faranti mai rairayi ko a ƙasa. Minti uku na haɗa gaɓa, ka ajiye m a hagu, a a dama, ka riƙa matso da su kana jan sautin. Sauran minti biyun ya nemo harafin a jikin buhu ko gwangwani ko allon shago. Harafi ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma ka fara da ƙananan haruffa, su ne suka fi yawa a littafi. Kada ka koyar da b da d a mako ɗaya, haka ma n da u. In ya fara hamma ko mutsu-mutsu, a tashi.

Abu ɗaya da ba mu so a yi wasa da shi: hira da tatsuniya. Haɗa baƙi da wasali rabin aiki ne, sauran rabin shi ne fahimtar abin da aka karanta, kuma wannan daga yawan kalmomin da yaro ya ji yake zuwa. In ana ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a tsaya a tambaye shi: "Me kake gani Gizo zai yi yanzu?" In littafi ne, ka bi layi da yatsa don ya ga daga ina ake farawa. Game da "yaushe", akasarin yara sai a shekara 6 zuwa 7 suke karanta jimla sosai. Ɗan shekara 4 da ke tafa gaɓa, yake gane sautin farko, ya san wasu haruffa da sunansa a rubuce, yana kan hanya.

Da safe 'yata tana nazare ana yi musu Turanci, da yamma tana Islamiyya, a gida kuma Hausa muke yi. Makwabciyata ta ce in daina yi mata Hausa don kada ta rikice. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Sakkwato.

Ba gaskiya ba ne, Hajiya. Harshen da kika fi ƙwarewa a cikinsa shi ne wanda za ki ba ta labari mai tsawo da shi, ki yi mata bayanin dalilin abu, ki yi mata kacici-kacici. In kika koma guntun Turanci na "zo, zauna, tashi", kin rage mata kalmomi ne a harsunan biyu. Haɗa harsuna a jimla ɗaya da yara ke yi ba rikicewa ba ce, yana raguwa da kansa.

Hausa ma tana da sauƙin da Turanci ba shi da shi. Wasulanta biyar ne, kuma kusan kowane harafi sauti ɗaya yake riƙe da shi, alhali a Turanci harafin a kaɗai yana sauya murya daga kalma zuwa kalma. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyonta, in ta same ta a Hausa za ta ɗauke ta zuwa Turanci, haka yaran Nijar ke ɗauke ta zuwa Faransanci.

Akwai dai wurare uku da za ki sa ido. Na farko harafin c: a Hausa shi ne na "ciki" da "cokali", a Turanci kuma yana ba da k ko s. Ki faɗa mata kai tsaye cewa wannan harafin yana da muryar gida da muryar makaranta. Na biyu haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda nazaren Turanci ba za ta koya mata ba. Ki yi mata su bibbiyu da kunne: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Na uku hanyar rubutu. Larabci daga dama yake farawa, boko daga hagu, don haka ki ɗiga mata alama da jan biro a kusurwar hagu ta saman littafin boko, ki ce "daga nan motar ke tashi". Lambobin da ke cikin Alƙur'ani ma suna da nasu tarkon: biyar ɗinsu tana kama da sifirin boko, shida kuma tana kama da 7. In ta yi wannan kuskuren, kin san daga ina ya fito.

Yarona yana ƙirga 1 zuwa 50 da Turanci. Amma na ce ya ba ni alawa 5, sai ya damƙo cikin hannu ya miƙo min. Ina matsalar take? Daga wani malamin sakandare a Katsina.

Malam, ka gano abin da katin sakamako ba ya nunawa. Jera sunayen lambobi daban, sanin adadi daban. Masana biyu, Gelman da Gallistel, sun fayyace ƙa'idojin ƙirga a 1978, kuma uku daga ciki ne suka shafi yaronka: lambobi su zo a jere ba tsallake, kowane abu ya sami lamba ɗaya tak, sannan lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce adadin duka. Ya sami ta farko, sauran biyun ne da saura.

Ka gwada shi haka. Jera marafan kwalba 6, ka ce ya ƙirga. Ka kalli yatsansa da bakinsa: in baki ya riga yatsa, zai kai 8 ko 9. Maganinsa shi ne ya riƙa ɗaukar kowane marfi yana jefawa cikin kwano, ƙarar faɗuwar tana tafiya da lambar. In ya ƙirga daidai, ka rufe su da hannu ka ce "nawa ne?" Wanda ya ce "shida" ya gane. Wanda ya so ya sake ƙirgawa daga ɗaya bai riga ya san cewa lambar ƙarshe amsa ba ce. Sai ka riƙa rufe masa ƙirga da bakinka: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu ne duka." Yara kan kama adadi a hankali, ɗaya, sannan biyu, sannan uku, kowanne da watanninsa, daga nan sai abin ya buɗe musu gaba ɗaya. Saboda haka ka koma "ba ni 2", "ba ni 3", ka hau daga inda ya tsaya. Ka ajiye 50 tukuna. Yaron da ya mallaki 1 zuwa 10 da hannunsa ya fi mai rera 100.

Ka yi masa da Hausa ma. "Goma sha ɗaya, goma sha biyu" suna faɗin abin da ke cikinsu ƙarara, goma ce da ƙari, abin da sunayen 11 da 12 na Turanci suke ɓoyewa.

Kayan aiki suna cikin gida. Kiret ɗin ƙwai yana da gurbi 30. Ka yanko layi biyu masu gurbi biyar-biyar, ka sami gidan goma. In ya sa tsakuwa 7, zai ga layin sama ya cika, biyu sun sauko ƙasa, gurbi uku babu kowa. Ya ga 5 da 2, ya ga saura 3 a cika goma, ba wanda ya rubuta masa alamar tarawa. Wasa na biyu: ƙwallon dabino 5, ka kife kwano a kan wasu, ya faɗi nawa ke ɓoye. Na uku ludo, domin ɗigon da ke jikin ɗan ludo yana koya wa ido gane 3 ko 4 ba tare da ƙirgawa ba, tafiyar gida-gida kuma tana haɗa lamba da taki. Carafke da 'yar gala-gala ma lissafi ne. In akwai ƙanensa mai rarrafe, a kula da ƙananan abubuwan nan kada su je baki.

Lissafin wannan shekarun bai tsaya ga lamba ba. Ya ware wanki, na Baba daban na Umma daban. Ya jera takalma daga ƙarami zuwa babba. Ya ƙirga gwangwani nawa na shinkafa ke cika kwano. Ya ci gaba da jeri: cokali, cokali, kofi, cokali, cokali, sai me? Ƙirga da yatsu kuma kada a hana shi, tsani ne, zai sauka da kansa. In ka baza marafai biyar suka yi tsawo ya ce sun fi biyar ɗin da ke cure, kada ka yi faɗa. Yara da yawa sai sun kai wajen shekara 6 ko 7 suke barin wannan.

Ana ba 'yata aikin gida ta rubuta 1 zuwa 100, tana yi tana kuka. Kuma bahaguwa ce, kakarta tana buge mata hannu. Daga wata uwa a Kano.

Aikin ya fi ƙarfin hannunta, Malama. Yara kan iya kwaikwayon da'ira a wajen shekara 3, layi biyu da suka gitta juna a wajen 4, alwatika kuma sai wajen 5. Wadda layin karkace bai zauna mata ba, ta yaya za ta cika shafi da 4 da 7? Abin da ke biyo baya shi ne mugun riƙon fensir, ta damƙe shi kamar muciya, ga kuma ƙin littafi. Ki sami malamar cikin mutunci, ki roƙi a mayar da shi lamba ɗaya ko biyu a rana, layi guda. Kada ki riƙe hannunta ki rubuta mata, malamar za ta zaci ta iya ta ƙara mata.

Hannu kuwa da aiki yake ƙarfi: ɓarar gyaɗa, tsinkar zogale, mulmula laka, zira duwatsun ado a zare, maƙala fegin shanya, yage takarda. Ta yi manyan zane da alli ko gawayi a bango kafin ƙananan layukan littafi. Ki ba ta guntun fensir da bai wuce tsawon yatsanki ba, shi da kansa zai tilasta mata riƙo da yatsu uku.

Batun hagu, kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, haka Allah ya halicce shi. A lallashi Hajiya a raba abin biyu: ci da sha da gaisuwa da karɓar abu a koya mata da dama, rubutu a bar mata hannun da ya fi mata. Ki karkata saman takardar zuwa dama, ta riƙe fensir ɗan nesa da bakinsa don ta ga abin da take rubutawa, a aji kuma ta zauna a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunta ta riƙa karo da ta maƙwabciyarta.

Mun koma Kanada da zama. An sa ɗanmu a ajin da suke kira juniya kindagatin a Toronto. Wata biyu ke nan ba littafi ba aikin gida, kullum "mun yi wasa". Anya ana karatu? Daga wani ɗan'uwa a Ontariyo.

Ana yi, ɗan'uwa, salon ne daban. A lardin Ontariyo yaro na shiga wannan aji a watan Satumba na shekarar da zai cika 4, don haka wanda aka haifa a Disamba yana farawa bai cika huɗun ba. Shiri ne na shekara biyu, kyauta a makarantun gwamnati, kuma ba dole ba ne, tilas tana farawa ne a shekara 6. An fara mayar da shi na wuni guda a 2010, ya game makarantu a 2014. A yawancin azuzuwa manya biyu ne, malami da ƙwararre kan renon ƙananan yara. Manhajar 2016 ta gina koyo a kan wasa da bincike, ta kasa shi gida huɗu: zama da jama'a, kame kai da lafiya, alamun karatu da lissafi, sai warware matsala. Yaron da ke "shago" a kusurwar aji yana rubuta farashi yana ƙirga canji, malama kuma tana lura tana rubutawa. Shi ya sa rahotonsu bayani ne a rubuce, babu maki babu na ɗaya.

Damuwarka dai tana da tushe. A 2022 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin ta fitar da rahoto kan haƙƙin iya karatu, inda ta nemi a riƙa koyar da sauti da harafi kai tsaye kuma bi da bi, maimakon barin yaro ya cinka kalma daga hoto. Daga 2024 aka fara gwajin karatu na farko-farko, tun daga shekara ta biyu ta kindagatin zuwa aji 2. In ka je ganawa da malamar, kada ka tsaya a "yaya yake?" Ka tambaye ta waɗanne sautuka suka yi, waɗanne ya kama, kuma har nawa yake ƙirga abu da hannu. Ka buɗe masa katin laburaren unguwa, kyauta ne, ku ci gaba da Hausa a gida.

Ɗana yana rubuta b a madadin d, 3 kuma ta juya baya. Ciwo ne? Daga wata uwa a Maraɗi.

A'a, 'yar'uwa. Kofi ko ta ina aka juya shi kofi ne, sai a rubutu ne juyi ke sauya suna, kuma ido yana ɗaukar lokaci kafin ya saba. Ana ganin haka har wajen shekara 7. Ki nuna masa inda ake fara kowane harafi: b daga sanda take farawa sannan ciki, d daga ciki sannan sanda. Abin da zai sa ki je asibiti daban ne: kunne mai zubar ruwa ko yawan ciwo, rashin waiwayowa in an kira shi daga baya, kai littafi dab da ido ko runtse ido ɗaya, ko kuma ya cika shekara 4 amma baƙo ba ya gane yawancin maganarsa. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, a duba kunne da ido tun a zangon farko, ki kuma roƙi malama ta zaunar da shi a layin gaba kafin sakamako ya fito.